Maganin da ke sakin birkin ciki

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna rufe kemis, kan maganin amai da ake kira metoclopramide, tana da kyau. Ka ce: “Maigida, an ce metoclopramide toshewa yake yi, to ta yaya abin da ke toshewa zai sa ciki ya ƙara motsi?”

Bangon ciki tsoka ce. Tana matsawa kamar sau 3 a minti ɗaya, tana niƙa abinci, tana tura shi kaɗan-kaɗan ta wata ƙaramar ƙofa zuwa hanji. Akwai sinadarai 'yan aike da ke ce mata ta yi sauri, akwai masu ce mata ta dakata, kuma kowanne yana da nasa kwaɗon a jikin tsoka ko jijiya, wanda mabuɗinsa kaɗai ke buɗewa.

Ka tuna yadda kake ji bayan ka ci ƙosai ko tsire mai kitse, ciki ya yi nauyi har la'asar? Da maiƙo ya isa farkon hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari mai suna CCK, wanda aka gano a 1928. Shi ke matse madaciya, ya kuma umarci ciki ya rage turowa. Masu bincike sun ba mutane loxiglumide, maganin da ke toshe kwaɗon CCK, suka ga abinci mai maiƙo ya fi saurin sauka. Ba ciki aka ƙara wa ƙarfi ba, birkinsa aka saki.

Namu na kan kanta, wato metoclopramide, haka yake aiki, sai dai shi kwaɗon wani ɗan aike mai suna dopamin yake toshewa, kamar mabuɗin da ya karye a ciki ya hana na gaskiya shiga. Dopamin na danne motsin ciki, idan aka hana shi, tsokar sai ta ƙara matsawa, amai kuma ya lafa.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Irin wannan kwaɗon yana nan a ƙwaƙwalwa, kuma metoclopramide na isa can. An taɓa kawo mini wata yarinya, wuyanta a murɗe, idanunta sun kafe sama, iyayenta na kuka sun ɗauka iskokai ne. Na tambaya, ashe maganin amai aka ba ta a wani shago. Nan take na tura su asibiti. Har yau ina ganin fuskar uwar nan.

Saboda irin wannan ne hukumar magunguna ta Turai a 2013 ta taƙaita shansa zuwa kwana 5. Domperidone, wani maganin amai mai irin wannan aikin, bai cika shiga ƙwaƙwalwa ba, amma yana iya rikita bugun zuciya, musamman ga tsofaffi.

Kada ka miƙa wa kowa ɗaya daga cikinsu babu takardar likita. Wanda kuma ya zo da amai, cikinsa a kumbure, bayan gida ya tsaya cak, wataƙila hanji ne ya toshe. Idan ka tura tsoka a kan rufaffiyar hanya, hanjin na iya fashewa. Ka kira ni, ko ka nemo masa abin hawa zuwa asibiti.