Amsa ga 'yar'uwar da aka gayyata zaman dangi kan 'ya'yan ƙaninta

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce sashen kula da yara na ƙaramar hukumarku a Ingila ya gayyace ki zaman dangi a kan 'ya'yan ƙaninki, kuma kina fargabar ko wata dabara ce ta ƙwace yaran. Na daɗe ina aikin tafinta a irin wannan zama, kuma shawarata ita ce ki halarta, amma da shiri.

Tsarin ya samo asali ne daga ƙasar Niyu Zilan, inda 'yan ƙabilar Maori suka koka cewa hukuma tana raba yaransu da danginsu, har dokar 1989 ta wajabta a zauna da dangi. Ingila ta fara gwada shi a farkon shekarun 1990. Wanda yake shirya zaman ba shi ne ma'aikacin da ke riƙe da maganar yaran ba, kuma zai tuntuɓe ki tukuna domin a tsara waɗanda za a gayyata, har da na gida ta waya idan ana so. A ranar, ma'aikata za su faɗi abin da ke damunsu da taimakon da za su iya bayarwa, sannan su fita duka su bar dangi su kaɗai su rubuta nasu tsarin. Idan tsarin bai jefa yaran cikin haɗari ba, bisa ƙa'ida ana karɓarsa.

Lokacin da aka bar dangi su kaɗai shi ne inda mutanenmu suka fi yin asara. Na sha ganin an cinye shi wajen neman mai laifi tsakanin dangin miji da na mata, ko kuma kunya da son rufin asiri su hana a ambaci ainihin matsalar, alhali ma'aikatan sun riga sun san ta, ko shaye-shaye ce ko yawan duka. Daga ƙarshe sai babban gida ya ce insha Allahu za a kula, kowa ya ce amin. A zaman sulhu na gida wannan kalma tana da nauyi, amma a nan ba za ta wadatar ba. Abin da ake nema shi ne suna da rana: wa zai kai yaran makaranta, ina za su kwana idan rikici ya tashi cikin dare, kuma wa zai kira hukuma idan aka karya alkawari. Wannan na ƙarshe yana yi mana wuya ƙwarai, amma shi ne yake sa a yarda da sauran.

Ki sani kuma ana sauraren yaran da kansu, wani lokaci ta bakin wani mai magana a madadinsu, don haka ki sanar da manya tun kafin ranar, kada su ɗauke shi rashin kunya.

Idan har kina iya riƙon yaran, ki faɗa a wannan zama. Da zarar magana ta kai kotu, dokar 2014 ta tsara a kammala shari'ar cikin makonni 26, kuma dole a binciki gidanki kafin a ba ki su, saboda haka wanda ya makara yakan tarar lokaci ya ƙure. Shi kuwa ƙaninki, ya nemi lauyan harkokin iyali tun yanzu. Allah ya shirya mana zuri'a.