Banshi ba ta cinikin kurwa

Malama, kin tambaya ko banshi, aljanar nan ta tatsuniyoyin ƙasar Ayalan (Ireland), za ta iya sayen kurwar saurayi a labarinki. A al'adar mutanen Ayalan ba ta kisa, ba ta ciniki. Kuka take rerawa da dare tana taje gashinta, alamar za a yi rasuwa a gidajen da sunan zuriyarsu ya fara da O ko Mac. Kina ba ta kurwa, Bahaushe mayya zai ɗauke ta, soyayya ta wargaje.

Ki ƙirƙiro dillali daban. Ita kuma banshi ta ji kukan mutuwar saurayin na taso mata a maƙogwaro, ta jinginar da muryarta wurin dillalin a ɗage masa kwana. Tun babi na 3 ki fayyace sharaɗi, wa'adi, da abin da zai warware shi.