Ranar 1 ga Fabrairu a Ailan: me rana mai haske take nufi?

Tambaya: Na ji cewa mutanen Ailan ba sa murna idan gari ya waye garau ranar 1 ga Fabrairu. Mene ne dalili? Kuma wane abu ne suke saƙawa su rataya a bakin ƙofa?

Amsa: Haka ne, Malam. Ranar Waliyya Birijid ce, wata waliyyar Kirista ta garin Kildare a Ailan. Rana ce da suke ɗauka a matsayin ƙofar fita daga sanyi, kuma tun 2023 ake hutun ƙasa dominta.

Camfin ya rataya ne a kan wata tsohuwa ta tatsuniyarsu, Cailleach. Wai ranar take fita neman itacen da zai kai ta ƙarshen sanyi. In ta yi niyyar tsawaita sanyin, sai ta gyara gari don ta tara itace da yawa. In kuwa aka tashi da ruwa da iska, to barci ya kwashe ta, itacenta zai ƙare, sanyi ya kusa tafiya.

Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. A Ailan, iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ita ke kawo hadari da ruwa, ita kuma ke kawo ɗumi. Sama garau a Fabrairu na nufin wannan iska ta tsaya, sai dare ya yi sanyi har raɓa ta daskare. Amma wannan yana nuna 'yan kwanaki ne kawai, ba makonni ba.

Abin da ake saƙawa gicciye ne mai hannu huɗu, da wata siririyar ciyawar fadama marar ganye. Ana tsinko ta da jajibere, 31 ga Janairu, kuma bisa al'ada da hannu ake tuge ta, ba a sa wuƙa. Sili 12 zuwa 16 sun isa, kowane kamar santimita 30. Ka riƙe ɗaya a tsaye, ka ninka na biyu gida biyu ya rungumi tsakiyarsa. Ka juya aikin hagu kwata guda, ka ninka na uku ya rungumi na biyu, haka har su ƙare, sannan ka ɗaure bakin kowane hannu.

Masu koyo na faɗuwa a wuri biyu. Busasshiyar ciyawa karyewa take a wurin ninki, don haka a yi da ɗanya ko a jiƙa ta. Sannan in babban yatsa ya saki tsakiya yayin juyawa, murabba'in da ke can sai ya warware. Bayan kwanaki ciyawar kan motse, ɗaurin ya yi sako-sako, sai a sake matse shi.

Ana rataye shi ne don tsare gida daga gobara. A gidajen zamanin da masu rufin ciyawa, wasu kan bar na bara a soke a rufi su ƙara sabo, har baƙo ya iya ƙirga shekarun gida da su.