Tambaya da Amsa: Fitsari ya hana ni barcin dare

Tambaya: Salam likita. Shekarata 58, kusan shekara guda kenan fitsari na tada ni da dare sau huɗu wani lokaci ma biyar, in na tsuguna sai na yi ta jira kafin ya zo, in ya zo ba ƙarfi, ina ɗaure tazuge sai in ji ɗigo ya biyo baya, alwala ma ba ta min daɗewa. Abokina ya ce sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Don Allah meye wannan? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka lissafa ya fi kama da girman furostet. Wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar ƙaramin goro, tana zaune ƙasan mafitsara, ita ke yin wani ɓangare na ruwan maniyyi. To hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa, shi ya sa in shekaru suka ja ta fara girma sai ta matse hanyar kamar an taka tiyo, mafitsara ta yi ta fama amma ba ta juye duka. Kusan rabin maza masu shekara 60 na da wannan, kuma ba kansa (ciwon daji) ba ce. Sai dai kansar wajen ta fi kama baƙar fata kuma da farko ba ta cika nuna alama ba, don haka ka je asibiti.

Za su duba fitsari da suga, don ciwon suga ma na sa yawan fitsari, su ɗebi jini a yi gwajin PSA mai nuna alamar ko akwai matsala a furostet, likita kuma zai sa safar hannu ya taɓa ta ta dubura. Na san nan ne mazanmu ke tserewa, wallahi abin na damuna, minti ɗaya ne fa Baba. Akwai ƙwayoyi irin su tamsulosin masu sassauta hanyar, in abin ya yi nisa a yi aiki a kankare.

Kafin nan rage shan ruwa da shayi bayan magariba, ka kiyayi maganin mura na kemis don wasu na ƙara toshe fitsari. In ka ga jini, ko fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, kada ka jira gari ya waye, a kai ka asibiti a sa roba, riƙewar na iya taɓa ƙoda.