Amsa ga 'yar'uwar da airis ɗinta ya ƙi fure, gindin kuma ya fara laushi

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan sak. Kin ce airis ɗinki, wato shukar furen nan ta ado, shekara 2 ganye kawai yake yi, yanzu kuma gindin ya yi laushi yana wari. Don Allah kada ki jira gobe, ki tone shi yau.

Ni wani mai sayar da furanni a nan Bauchi ne ya cuce ni. Kuɗin adashena na kwasa na sayi saiwa 8, ya nuna min hoto a waya, shuɗin airis, irin da ake kira mai gemu, gwanin sha'awa, ya rantse wata 3 zai yi fure. Shi ya ce in binne su da zurfi kamar doya, in zuba kashin kaji da yawa. Na bi maganarsa. Watan Agusta, aka kwana biyu ana ruwa, da safe na fito na ga ganyen ya kwanta. Ina taɓawa ya tsinke a hannuna. Na sa yatsa a gindin, sai ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓen dankali, ga ɗoyin da ko da na wanke hannu da sabulu bai fita ba. A bakin famfo na zauna na yi kuka, wallahi. Da na koma wajensa ko kallona bai yi ba, wai hannuna ne ba shi da albarka. Hannuna! Ni da zogale da lalle da rumman suka cika min tsakar gida. Har yau in na bi ta hanyar nan raina ɓaci yake.

Saiwar nan kamar citta take, a kwance take tafiya, kuma bayanta yana son ganin rana. Ƙasa kaɗan za ki rufa mata, ƙananan jijiyoyin ne kawai ke shiga ciki. In kin tone, ki sa cokali ki kankare duk inda ya ruɓe sai kin tarar da fari mai tauri. Ki tsoma a ruwan Hypo, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, ki shanya kwana 2. Ganyen ki rage shi ya koma kamar taƙin hannu ɗaya. Kada ki mayar ramin da ya ruɓe. Ki ja kunya mai tudu, ki gauraya ƙasar da yashi, ko ki sa a tukunyar da kika huda gindinta. Kashin kaji kuwa ki nisanta shi, ganye yake ƙarawa, ya jawo ruɓa.

Af, ki kula da yara da awaki, saiwar tana da guba. Ƙaramina ya taɓa ɗauka ya zaci citta ce, Allah ya sa na gani.

Maganar fure kuma, zan faɗa miki abin da ba wanda ya faɗa min. Airis mai gemun nan ɗan ƙasar sanyi ne, sai ya sha sanyi na makonni kafin ya yi fure, hunturunmu bai kai masa ba. Mu ba Jos ba ne. Biyu da na ceto suna nan da rai, ganye shar, fure ko ɗaya. Wanda ya share min hawaye shi ne airis ɗin Afirka, asalinsa Afirka ta Kudu, ganyensa siriri, furen fari ko ruwan ɗorawa. Yana jure zafin bazara, in dai yana samun inuwa da rana ta take. Furen ba ya daɗewa, amma wani na faɗuwa wani na buɗewa.

Nawa ya yi cunkoso, bayan damina zan raba. In kina kusa da Yelwa ki yi min magana ta akwati, in ajiye miki gindi 2, ba sai kin biya ko sisi ba.