Dako a tashar jirgin ruwa: akwai aikin har yanzu?

Tambaya: Malam, daga Sabon Gari nake a Damagaram. Ina so in tafi ci-rani Kwatano ko Lome bayan girbi, in yi dako a tashar jirgin ruwa kamar yadda kawuna ya yi a da. Ana samun aikin kuwa?

Amsa: Ƙanena, aikin da kawunka ya yi ba shi za ka tarar ba. A zamaninsu da kafaɗa ake kwashe buhunan shinkafa da sukari. Yau yawancin kaya cikin kwantena suke zuwa, injin ɗaga kaya ya sunkuce ta ya aza kan tirela, mutum guda ya gama abin da tarin majiya ƙarfi ke wuni suna yi. Ga shi tashoshin ba a shiga sai da katin aiki, kuma ɗan ƙasa ake fara dubawa. A Legas ma sai wanda NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, ta yi wa rajista. Ko mai katin ba kullum yake dacewa ba, don ranar da babu jirgi babu kira. Saboda haka duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka kati daga nan gida, rabu da shi.

Inda ɗan ci-rani ke samun na abinci shi ne bayan ƙofar tasha: magaza inda ake buɗe kwantena a fidda kaya da hannu, da wuraren lodin tireloli masu zuwa Nijar. Nan Hausa na amfani sosai, domin 'yan kasuwar da direbobin da yawansu namu ne. Sai dai aiki ne na sanayya. Shugaban 'yan dako ba ya ɗaukar baƙon da babu mai tsaya masa, kuma in buhu ya murɗe maka baya, maganin daga aljihunka ne.

Tsakanin biranen biyu kuwa, ni Lome zan ce. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville, wadda kayan Kwatano ke bi su shigo Nijar, bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan Nijar da dama suka koma Lome, suna biyowa ta Burkina Faso.

In da hali, kafin ka tashi ka nemi lasisin tuƙin babbar mota, mai shi ya fi ɗan dako daɗewa a aiki. Ka riƙe katin shaidarka da na rigakafin shawara, ka kuma san gidan da za ka sauka a Zongo tun kana Damagaram.