Amsa: Yadda ƙaramar jam'iyya za ta ja hankalin jaridun gari

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƙaramar jam'iyya a Amurka za ta sa 'yan jarida su saurare ta idan tana adawa da ƙudurin da aka kai gaban masu zaɓe. Dubi Kalifoniya a 2010. Ƙuduri na 14 ya ce mutum biyu da suka fi ƙuri'a a zaɓen share fage ne kaɗai za su kai babban zaɓe, ko da jam'iyyarsu ɗaya ce. Ƙananan jam'iyyun Green da Libertarian, duk da aƙidarsu ta sha bamban, sun ƙi shi. Irin wannan haɗuwa edita ke so. A irin wannan yanayi, ku aika gajeriyar wasiƙa, ku kira gidan rediyon gari, ku ambaci ɗan takarar yankin da sunansa zai ɓace daga takardar babban zaɓen Nuwamba idan aka amince da ƙudurin. Abin takaici, masu zaɓe sun amince da Ƙuduri na 14 a Yunin 2010.